BA YA CIN YANKANMU

Bara da kaka muka rarraba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai zuwa makarantun firamare na ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun, domin su yi gwajin koyarwa kamar yadda aka saba. A cikinsu akwai wani saurayi mai natsuwa, wanda tun shigarsa kwaleji ba a taɓa kawo mana ƙararsa ba. Aka ba shi aji huɗu a wani ƙauye da ke bakin fadama, tafiyar sa'a guda a ƙasa daga Bakura. Ba a yi mako uku ba sai ga takardar hedimasta, yana roƙon mu zo da kanmu, wai fiye da rabin ajin yaronmu sun daina zuwa, iyayensu kuwa sun ce ba za su komo ba sai an ɗauke musu wannan malami.

Da muka isa muka bincika, sai muka tarar bai bugi ɗan kowa ba, bai zagi kowa ba, bai kuma fasa zuwa aji ko da rana ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne, daren da ya sauka, dattijon da aka ba shi masauki a gidansa ya sa an yanka masa kaza. Da aka kawo akushi ya buɗe, sai ya ture kwanon miya gefe, ya ce, "Ni ba na cin nama." Ya ci gayan tuwonsa da man gyaɗa, ya yi godiya, ya kwanta. Kafin gari ya waye magana ta zaga ƙauye, amma ba kamar yadda ya faɗe ta ba. Abin da aka ji a bakin rijiya da ƙofar masallaci shi ne, sabon malami ba ya cin yankanmu.

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. In an ce mutum ba ya cin yankan wasu, watau yana tuhumar musuluncinsu ke nan. Wane uba ne zai miƙa ɗansa ga wanda ya ke zaton yana yi masa wannan kallo? Kalma biyar da yaronmu ya faɗi ba tare da bayani ba, su suka kusa rushe aikin da aka yi shekaru ana lallashin mutanen wannan gari su sa 'ya'yansu a makaranta. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, domin ba a wannan ƙauye kaɗai a ke samun irinsa ba.

GIRMAN NAMA A WURINMU

Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Ranar suna rago a ke yankawa, ranar Babbar Salla haka, baƙon kunya kuwa kaza ce tasa. Manomi yakan yi wata guda tukunyarsa ba ta ga tsoka ba, amma ran da babban baƙo ya sauka sai ya kama kazar da ke yi masa ƙwai. A wurinsa naman nan girmamawa ce ya zuba a kwano, wanda ya ture kwanon kuwa girmamawar ya ture. Wannan shi ne abin da yaronmu bai lura da shi ba.

Muka tafi zauren maigari, aka kira liman da mai masaukin. Bayan gaisuwa dattijon ya ce mana, "Malam, mi munka yi wa yaronka? Kaza guda da ka yi muna ƙwai ita munka yanka mai, don an ce malamin diyanmu ne. In yankanmu bai halatta gare shi ba, shi faɗa muna gaban liman."

Muka ce, "Baba, a yi haƙuri, ga shi nan, bari ya faɗa da bakinsa." Yaron ya durƙusa ya yi bayani. Ashe tun yana ƙarami ko ƙanshin romo ya ji sai zuciyarsa ta tashi, in ya haɗiye tsoka sai amai. An kai shi asibiti, an kuma yi na gida, daga baya iyayensa suka ƙyale shi. Mahaifinsa yana layya kowace shekara, shi ne ma mai riƙe ragon in za a yanka. Yana shan fura da nono, yana cin ƙwai. Kunya ce ta hana shi faɗin wannan duka a daren farko, don yana ganin abin dariya ne a ce ƙato kamarsa kaza na sa shi amai.

Liman ne ya kashe maganar. Ya tuna wa jama'a abin da ya zo cikin ingantattun littattafan hadisi, cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo, ya janye hannunsa bai ci ba. Da aka tambaye shi ko haramun ne, ya nuna ba haramun ba ne, ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba ne, ransa kuma bai so shi ba. Halidu ɗan Walidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Liman ya ce, to, barin cin abu daban, haramta shi daban. Wanda ya ce abin da Allah ya halatta haramun ne, shi ne a ke faɗa da shi. Wanda cikinsa ne ya ƙi, sai a yi masa addu'a a ba shi abin da zai iya ci.

Muka ba yaron shawara, ya bi. Ranar kasuwa ya sayo kaza mai ƙwai ya kai wa uwargidan, ya sayo zakara kuma ya miƙa wa dattijon, ya ce, "Baba, ka yanka mana da hannunka, a dafa wa ƙannena." Aka dafa, yaran gida suka ci, shi kuwa aka yi masa miyar kuka da wake, suka zauna tabarma ɗaya da maigidan. Kafin mako ya zagayo ajinsa ya cika.

SU WA KE BARIN NAMA?

Masu barin nama iri iri ne, ba kuwa daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Akwai irin yaronmu, waɗanda jikinsu ne ba ya karɓa. Akwai waɗanda likita ya ce su rage ko su bari, saboda ciwon ƙoda, ko ciwon nan na kumburin gaɓɓai da kayan ciki da jan nama ke tayarwa, ko ciwon zuciya. Akwai baƙi da ke zaune tare da mu waɗanda al'adarsu ko addininsu ya hana su. Dattawan malamai na tuna Indiyawan da suka koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da na horon malamai na Arewa daga wajen 1960 zuwa bayan 1980, da yawansu shinkafa da wake da ganye da madara ne abincinsu. Kiristocin Habasha na tsohuwar coci ba su taɓa nama ko madara ko ƙwai ran Laraba da Jumma'a, da kwana 55 na babban azuminsu. A Ingila tun cikin 1847 aka kafa ƙungiyar masu barin nama, cikin 1944 kuma wani mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa wata, ta waɗanda ba su cin kome da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai. Gandhi na Indiya, sa'ad da za shi karatun lauya a Landan cikin 1888, sai da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ba zai ci nama ba, ya kuwa sha tsegumi da yunwa kafin ya sami gidan abincin da ya dace da shi.

Sa'an nan akwai kashi mafi yawa a ƙasarmu, waɗanda ba su zaɓa ba, hali ne ya zaɓa musu. Tun wajen 2011 da satar shanu ta addabi ƙasar Zamfara, garake da yawa sun watse, nama da nono sun yi tsada, gidajen da a da su kan sayi kashi guda na nama ran kasuwa yanzu sai Salla. Waɗannan su ne rashin fahimtar ya fi cutarwa, domin wanda ya gaskata cewa ba abincin kirki sai nama, in ya rasa kuɗin nama sai ya fid da rai, ya manta da abin da ke cikin rumbunsa.

NA FARKO: WAI BA ƘARFI SAI DA NAMA

In an ce muku wanda ba ya cin nama ba ya da ƙarfi, kada ku yi gardama, ku nuna fadama. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, mutanen Mafara da Bakura da Maradun ke noman rani da damina. Wanda ya wuni cikin taɓo yana dashen shinkafa, me ya ci? Koko da ƙosai da safe, fura da rana, hoce da ɗatun rama ko zogale da ƙuli-ƙuli, tuwon dawa miyar kuka da daddawa da dare. Shi ne kuwa zai ɗaga buhun shanshera ya aza a kan amalanke.

Ga yadda masana suka bayyana abin. Abincin da ke gina jiki, wanda a ke kira furotin, kamar gini ya ke da tubala iri 20. Jiki yana iya yin waɗansu da kansa, amma guda 9 tilas sai daga abinci. Nama da kifi da ƙwai da nono suna da taran nan daidai gwargwado. Hatsi, watau gero da dawa da masara da shinkafa, yana da ƙarancin guda ɗaya mai suna laisin. Wake kuwa yana da laisin a wadace, amma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. In aka haɗa su, sai wannan ya toshe giɓin wancan. Ba lalle ne a ci su cikin kwano ɗaya ba, in an ci cikin yini guda ya wadatar. Kakanninmu ba su san sunayen nan ba, amma su suka bar mana shinkafa da wake, da koko da ƙosai, da tuwo da miyar wake. Mutanen Indiya da na Meksiko ma haka su ke haɗa hatsinsu da wakensu.

Ga lissafi, don malamai su yi wa yara a allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta baligi na bukatar furotin wajen giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mutum mai kilo 60 ke nan yana bukatar wajen giram 50. Busasshen wake giram 100 yana da wajen giram 24, gero giram 300 yana da wajen giram 33. In an tara an sami 57, tun ba a sa daddawa da ƙuli-ƙuli cikin lissafi ba. Gyaɗa tana da wajen kashi 25 cikin 100, waken suya ya haura kashi 35, ɗanyen naman sa kuwa wajen kashi 20. Amma a lura, wannan awo na busasshen wake ne. In an dafa ya sha ruwa ya kumbura, sai a ci da ɗan yawa kafin a kai ga lissafin. Cokali biyu na wake a kan tulin shinkafa ba su isa ba.

NA BIYU: WAI WAKE ABINCIN TALAKA NE

Wannan ya fi yawa a makarantun kwana. Mun sha ganin ɗalibai suna tsame wake daga shinkafa suna zubarwa, wai yana sa barci a aji, wai yana dushe basira. Barcin da a ke ji bayan an cika ciki, kowane abinci mai nauyi yana kawo shi. Kumburin ciki kuwa gaskiya ne, amma yana raguwa in an jiƙa waken tun dare, an zubar da ruwan, an dafa shi ya nuna lugub, ciki kuma yakan saba. Abin da mu ke gargaɗin masu dafa abinci a kai shi ne yawan kanwa, domin ko da ta ke tana sa wake saurin nuna, tana kashe waɗansu bitamin da ke cikinsa.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman irin wakenmu a duniya, Nijar ke bi mata. Abin kunya ne a ce muna loda shi a mota zuwa Legas da Ibadan, inda a ke girmama shi, mu kuwa muna raina shi a gida.

Ku dubi kuma labarin awara. Dattawa sun san lokacin da ba wanda ya san ta a kasuwanninmu, har waɗansu na cewa waken suya guba ne. Akwai ɗan abin kamawa cikin tsoronsu, domin ɗanyensa yana da wani abu mai hana narkewar abinci, wanda wuta ce ke kashe shi. Cikin 1989 wani masani daga Japan, Osamu Nakayama, ya zo cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ya yi aiki da ma'aikatanta a kan yadda za a daskarar da madarar waken suya da abin da ke hannun mutane, kamar ruwan tumfafiya da a ke yin cukun nonon shanu da shi. Matan Arewa suka karɓi sana'ar, suka mai da ita tasu, suna yi da ruwan tsami. Yau ba ƙofar makarantar da za ka je a Mafara ko Bakura ba ka ga mai tallan awara ba. Ba gardama ce ta kawar da wancan tsoro ba, ɗanɗano ne da araha.

NA UKU: WAI ROWA CE, KO ASIRI, KO ISKA

In mai hali ya daina sayen nama, sai a ce maƙo ne. In saurayi ne, sai a ce wani laƙani ya sha wanda sharaɗinsa barin nama. In mace ce, sai a ce mutanen ɓoye ne suka hana ta. Mun san wani tsohon hedimasta da likita ya hana shi kayan ciki da jan nama saboda ciwon gaɓɓai. Don gudun kada abokan zamansa su ce tsufa ya zo masa da rowa, sai ya ci gaba da zama a majalisar mai tsire, ana ci da shi, yana kwana yana kuka da babban yatsan ƙafa. Sai da ya kasa taka ƙasa ya faɗa musu gaskiya, su kuwa suka ce da ya faɗa tun farko da ba su matsa masa ba. Maganin irin wannan zargi shi ne a faɗi dalili tun da wuri, a taƙaice. Wurin da aka bari ba bayani, jita-jita ce ke cika shi.

INDA MASU SUKA KE DA GASKIYA

Ba za mu yi adalci ba in muka ce duk abin da a ke faɗa a kan barin nama kuskure ne. Akwai wurare uku da tilas a kula.

Na ɗaya, bitamin B12, wanda aka fara tace shi cikin 1948. Jiki na bukatarsa don yin jini da lafiyar jijiyoyi, ba a kuwa dogara ga hatsi ko wake ko ganye a same shi. Yana cikin nama da kifi da ƙwai da nono. Hanta tana ajiye shi har na 'yan shekaru, saboda haka rashinsa ba ya nunawa da wuri, sai daga baya mutum ya fara kasala, jini ya ragu, ƙafafu su riƙa tsikari ko mutuwa. Wanda ke shan nono yana cin ƙwai, kamar yaronmu, ba shi da fargaba sosai, domin kofi ɗaya na madara yana ba da kusan rabin bukatar yini. Wanda ya bar kome na dabba, tilas ya sha ƙwayar wannan bitamin, tun ba mace mai ciki ko mai shayarwa ba.

Na biyu, sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Akwai shi cikin wake da zogale da gero, amma hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimakonsa shi ne a haɗa da mai bitamin C, kamar lemo, da gwaiba, da ɗanyen tumatir, da garin 'ya'yan kuka. Abin da ke hana shi kuwa shi ne shan shayi mai kauri a kan abinci. Mai ciki kada ta bar ƙwayoyin ƙarin jini da a ke bayarwa wurin awo.

Na uku, kuma mafi girma, ƙananan yara. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar tulin tuwon da babba zai ci ya sami abin da ya ishe shi. Cikin 1933 wata likita, Cicely Williams, da ke aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta bayyana wata cuta da ke kama yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara zalla: jiki ya kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. Cikin 1935 ta kira ta da sunan da mutanen wurin ke kiranta, kwashiyoko. Mu a nan mun san ta cikin cututtukan tamowa. Koko tsararo ba abincin yaye ba ne. A ba jariri nonon uwa zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, kunun da za a ƙara masa kuwa a haɗa gero da soyayyen waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a sa ɗan mai. In da ƙwai a ba shi, a bar camfin nan na wai ƙwai yana sa yaro sata. In da ɗan kifi ko hanta, shi ya fi kowa cancanta a gidan, ba maigida ba. A kuma tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, domin suna ɗauke da guba mai lalata hanta.

Abin lura a nan, abincin nan na cikin leda da a ke ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda aka ƙago a Faransa cikin 1996, ba nama a cikinsa. Gyaɗa ce, da garin madara, da mai, da sukari, da bitamin. Uwar da ta san haka ba za ta sayar da gyaɗarta duka da kaka ta bar ɗanta da ruwan koko ba.

Game da masu cewa nama cuta ne, su ma a ja musu linzami. Gaskiya ne cikin 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce naman da aka sarrafa don ajiya, da gishiri ko hayaƙi ko magunguna, yana cikin masu jawo dajin hanji, ta kuma ce mai yiwuwa ne jan nama ma haka, haɗarin kuwa yana ƙaruwa da yawan ci. Wannan gargaɗi ne ga mai ci kullum. Manomin da ke ganin nama daga Salla sai suna, ba shi a ke nufi ba, zalunci ne kuwa a tsorata shi da ɗan abin da ya samu.

YADDA ZA A BI DA MUTANE

Ga abin da mu ke koya wa ɗalibanmu yanzu kafin mu tura su ƙauyuka, muna kuma ganin zai amfani kowa.

In kana da abin da ba ka ci, aika da magana tun kafin a ɗora tukunya. Faɗa wa wanda zai kai ka masauki, shi ya san yadda zai gaya wa maigida. Kaza tana da rai a ke cetonta, in an fige sai haƙuri.

In an riga an kawo, kada ka ture kwano. Karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka yaba, sa'an nan ka faɗi uzurinka, ka nemi izini a ba yara ko wanda ke kusa. Ka ci abin da za ka iya ci har mai gida ya ga ka ƙoshi.

Fara da kawar da zargin da ya fi muni. Ka ce, "Halal ne, yankanku yankana ne, jikina ne ba ya karɓa," ko "likita ne ya hana ni." Kada ka jira sai an tambaya, domin mai kunya ba zai tambaye ka ba, zai je ya tambayi wani.

Kada ka mai da wurin cin abinci aji. Wanda ke tsakiyar cin rabonsa na layya ba ya bukatar lacca a kan kitse. In an tambaye ka don neman sani, ka amsa gwargwadon tambaya. In don zolaya ce, ka yi dariya tare da su, abokin wasa ba a yi masa fushi.

In abin ya shafi addini, kada ka yi fatawa da kanka, ka kai wa malamin da mutanen wurin suka yarda da shi. Maganar da liman ya yi cikin minti biyar, da mu muka yi ta da sai a ce 'yan boko sun zo kare ɗan'uwansu.

Ku kuma masu masauki, in baƙo ya ce ba ya cin abu, ku kyautata masa zato, ku tambaye shi me ya ke ci. Abincin wani gubar wani. Matsa wa mai ciwo ya ci don kunya ba karamci ba ne.

Ga malamai kuma, muna roƙon kowace makaranta da ke da ɗan fili ta shuka zogale a jikin shinge, ta yi kunyoyin wake da gyaɗa da rama, yara su yi awo su yi lissafin da muka nuna a sama da hannunsu. Yaron da ya gane darajar abin da ke cikin rumbun ubansa ba zai ji kunyar ɗatun da uwarsa ta ƙunsa masa ba, in ya girma kuma ba zai yi wa wanda ba ya cin nama mummunar fassara ba.

Yaronmu ya gama gwajinsa lafiya. Ran da zai tashi, dattijon nan ya rako shi har bakin hanya da ƙunshin ƙuli-ƙuli da kwanon wake, ya ce in an tashi raba malamai a maido musu da shi. Mun rubuta roƙonsa, mun aika inda ya dace. Allah ya sa mu fahimci juna, amin.